Ƙurar Tauraro

"Umma, in anka barbaɗa ma Yaya Isa ƙurar tauraro, shi ma shina tashi?"

A zaure Khairat ta yi mini wannan tambayar, tana zaune kusa da Muttaka da wayarsa a hannunta. Ni ina can gefen tabarma cikin atamfa ruwan ganye da ya kawo mini daga kasuwar Gummi, na ja mayafi har goshi, wai ni a dole bazawara mai kunya. Sunan nan ko ni ban taɓa kiransa da bakina ba, don sunan ɗana na fari ne, kuma shekara biyu kawai ya yi a duniya. Khairat ba ta san shi ba sai a hoton da nake ɓoyewa a ƙasan akwati.

Muttaka ne ya fitar da ni. Ya ce mata wanda ya tafi wurin Allah addu'a yake so, ya ɗaga mata hannuwa suka shafa tare. Daga nan ya ja hankalinta zuwa fim ɗin da take kallo a wayar, ya tambaye ta wa ya fi ƙarfi tsakanin Janar Roba da 'yar tsana mai jan kitso. Na dube shi ta ƙasan mayafi, na ce a raina, Mardiyya, in kika bar wannan mutumin ya wuce kin yi wauta.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina a wannan shafi, ni 'yar Bagega ce, a ƙasar Anka. In kun taɓa jin sunan garinmu a rediyo, to ba a kan alheri kuka ji shi ba. Shekarun baya a tsakar gida ake daka dutsen zinare, a turmin da ake daka gero, ba wanda ya san akwai dalma a cikinsa. Yara suka riƙa suma suna sandarewa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sanƙarau. A haka ɗana ya tafi. Daga baya ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar gidajenmu suka zuba sabuwa, likitoci suka ɗebi jinin yaran da suka rage. Na Khairat ya fito da gubar. Wata da watanni ina fasa mata ƙwayar magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a cokali, in haɗa da zuma, in fara taɓawa a harshena don ta yarda, sannan in ɗura mata tana kuka. Sai da ta wuce shekara uku kafin ta haɗa magana. Shi ya sa duk tambayar da ta yi, ko mai ciwo ce, ba na ce mata ta yi shiru.

Babanta Sanda ramin haƙar zinare ne ya rufta da shi. Bayan takaba na dawo gidanmu wurin Inna da Yaya Lauwali, kuma tun daga lokacin na zama abin da matan unguwa suke kira Malamar Tsafta, ba don yabo ba. Ba a shara a gidanmu sai an yayyafa ruwa. Takalmi a ƙofa yake tsayawa. Yaro ba ya kai loma baki sai na ga sabulu a hannunsa.

Muttaka mutumin Gummi ne, yana sayen dutse, yana da injin niƙa a bayan gari inda aka ware wa masu wannan aikin. Ranar da ya fara sallama da ni sharaɗi ɗaya na ba shi: abin da ya taɓa dutse ba zai shigo inda ɗiyata take ba. Bai yi mini dariya ba kamar yadda wasu suka yi. Kullum sai ya yi wanka a can, ya sauya kaya, ya zo cikin shadda a goge yana ƙamshin turaren wuta, takalminsa a hannu. Da safe kuma in na hau dakalin ƙofar gida, inda sabis yake kamawa, sai in tarar da saƙonsa: "Malamar Tsafta, na wanke hannu kafin in rubuto. Kin tashi lafiya?"

Ku gaya mini, wace mace ce ba za ta faɗa ba? Aka sa rana bayan babbar salla, aka kawo lefe.

Fim ɗin shi ya kawo shi. A wurin masu tura finafinai a Gummi ya sa aka zuba masa, na Turawa ne da aka yi wa fassarar Hausa. Wani abu ne ya faɗo daga sama ya fasa rufin shagon kayan wasan yara, ƙurarsa mai ƙyalli ta zuba a kan 'yan tsana da sojojin roba, sai duk suka buɗe ido. Rabinsu suka ce sai sun kama garin, rabi suka tsaya kare yaran mai shagon. Ana harbi da ƙusa, ana tsere da motar wasa a ƙarƙashin tirela, ana fasa tagogi. Mai fassarar ya ba shugaban mugayen muryar ɗan kamasho a tasha, in ya ce "a kama mini wancan ɗan roban" har Inna sai ta aje carbi ta yi dariya. Khairat ta nace, ya tura mata a wayata. Ta kalla har ta haddace. Ni kuma na ji daɗi, don yarinyar da aka ce ƙila ba za ta riƙe karatu ba ga ta tana maimaita fim daga farko har ƙarshe.

Ranar da abin ya faru ina wanki ne da hantsi. Gidan ya yi shiru, irin shirun da duk uwa ta san ba na lafiya ba ne. Na ɗauraye hannu na zaga bayan rumbu. Ga Khairat a durƙushe, ta jera 'yan tsanarta na kara da sojojin roban da Muttaka ya sayo mata, a gabanta gwangwanin tumatir. Tana ɗiba da tsinke tana kai musu baki.

"Mi kike ba su?"

"Ƙurar tauraro. Sun ƙi tashi, Umma. Na ba su jiya, na ba su shekaranjiya."

Na leƙa gwangwanin. Gari ne toka-toka, mai laushi kamar hoda, da ɗan ƙyalli-ƙyalli in rana ta taɓa shi. Na san shi kamar yadda na san fuskar Inna. Na riƙe haɓarta na buɗe bakin, ga shi a harshenta, ga shi a gefen leɓe.

Ta ce, "Sai na ɗanɗana musu tukuna, yadda kike yi mani in za ki ba ni magani."

Ban yi ihu ba. Wallahi ban san daga ina natsuwar ta zo ba. Na ɗauke ta na wanke mata baki da hannuwa har ƙarƙashin farce, na tuɓe rigarta na jefa a bokiti, sannan na ce ta nuna mini inda tauraron ya faɗo. Ta ja ni da murna, wai za ta nuna mini sirri, har ƙofar ɗakin marigayi Baba. Ɗakin nan Inna ta sa masa kwaɗo tun da aka kawo lefe, ta ce a nan za a aje akwatuna don kada idon mutane ya yi yawa a kansu. Gara ta ci ƙasan ƙofar, akwai 'yar kafa daidai hannun yaro. Ta cikinta garin ya malalo har waje.

Na je na sami Inna tana tsince shinkafa, na ce ta ba ni makulli. Ta ce ya ɓata. Ina kallon ƙullinsa a haɓar zaninta. Na ɗauko taɓarya na nufi ɗakin, na yi ta dukan kwaɗon har ƙarfen ya tsinke.

Akwatunan lefena suna nan lafiya, masu ruwan zinare, an jera su babba a ƙasa ƙarami a sama, an rufe da leda. A kan buhuna aka jera su. Buhunan niƙaƙƙen dutse ne daga bango zuwa bango, ɓera ya huda na ƙasan.

Inna ba ta musa ba. Ta ce Muttaka ne ya roƙa, don an sha shiga wurin niƙa ana kwashe musu kaya, ya ce kwana kaɗan ne kafin a wanke a sayar. Ta ce mutumin da zai zama surukinta ya nemi alfarma ta farko, da wane baki za ta hana shi? Ta ce a buhu yake, a ɗaure, a kulle, wa ya san ɓera zai yi mana haka. Sun haɗa baki su uku, ita da shi da Yaya Lauwali, kada a gaya mini, wai don sun san halina.

Na ce, "Inna, kun san halina, ko kun san abin da anka binne a maƙabarta?"

Ta ture farantin shinkafar. "Ke kaɗai kinka rasa ɗa a garin ga? Jikana ne shi ma. A hannuna ya cika, ke kina waje kina kuka."

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba. Gaskiya ta faɗa. Amma gaskiyar ba ta fitar da komai daga cikin Khairat ba.

Da Yaya Lauwali ya dawo daga gona na ce masa gobe da safe zan kai ta asibitin da ake gwada jinin yara. Nan aka taru a kaina. Ya ce in na kai ta sai sun tambayi inda ta samu, in na faɗa za su zo da na'urarsu su haska gidan, mai gari ya ji, unguwa ta ji cewa gidan da aka kankare an sake mayar da dutse. Ya ce ban da kunya ma, in labari ya fita cewa akwai kayan zinare a gidan nan, ba ma'aikata kaɗai za su ji ba, kuma na san 'yan bindiga yake nufi. Inna ta ce a ba ta nono da man shanu ta wanke ciki, yarinya ga ta nan tana tsalle. Matar Yaya ta ce in yi tunanin biki, an riga an gaya wa dangi na Gummi da na Zugu. Kowa yana da abin da yake tsoro, kuma ban ce na ɗaya ƙarya ba ne. Sai dai ɗana ma yana tsalle ana jibi zai rasu.

Na hau dakali na rubuta wa Muttaka: "Na ga abin da ke ƙarƙashin lefena."

Nan take ya amsa: "Don girman Allah ki saurare ni kafin ki yanke. Ban yi don raini ba. Kwana kaɗan na ce."

Na rubuta: "Khairat ta ci."

Sai kira. Na ƙi ɗauka. Ya sake, ya sake, na kife wayar a kan dakali ina kallon bayanta tana rawa. Abin haushin, 'yan uwa, so nake in ɗauka. So nake in ji muryar nan ta ce mini ba shi ba ne.

Washegari ƙarar tsintsiya ce ta fito da ni. Ashe da asuba Muttaka ya zo da mutanensa sun kwashe buhunan kaf. Inna kuma ta shiga ɗakin tana shara da ƙarfinta, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. Ƙurar ta tashi ta cika tsakar gida, tana sauka a kan randa, a kan geron da aka shanya, a kan igiyar da kayan Khairat suke. Inna ta ɗaure hanci da ɗankwali tana tari, tana ƙara zage damtse.

"Inna, aje tsintsiyar ga."

"Su zo su duba," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ba su ganin komi."

Har ranta gyara take yi. Shekara sittin tana share abin kunya da tsintsiya, yau ma abin da ta sani ke nan. Abin da yake a ɗaki ɗaya jiya, yau ya zama na gida duka. Na koma ɗaki na jiƙa zani, na goya Khairat duk da ta wuce goyo, na lulluɓe ta da shi har kai, na zura hijabi na ratsa tsakar gidan da sauri. Yaya Lauwali yana zaure ya ce in na fita da maganar gidan nan a bakina, in san inda zan kwana. Na ce na sani.

A bakin hanya na tarar da Muttaka a kan babur. Ban taɓa ganinsa haka ba. Tsohuwar riga ce a jikinsa, daga hula har ƙafa ya yi fari fat da ƙurar buhunan da ya ɗauka, har gashin idonsa. Idanun sun yi ja. Khairat ta leƙo daga cikin zanin tana kiran Baba Muttaka, tana miƙa hannu.

Ya sauko ya nufo mu. "Hau in kai ku, Mardiyya."

"Matsa baya. Iska daga wajenka take kaɗowa."

Ya tsaya, ya dubi hannuwansa kamar yanzu ya fara ganinsu. Ya ja da baya, ya zaga ta ɗaya gefen. Daga can ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce bai hana ni kai ta ba, shi ma bai runtsa ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, in sun tambaya in ce a hanyar rafi ta ɗebo, inda ake wanke dutse. Magani dai ɗaya ne za su ba ta. Shi ya ɗauki laifin tsakaninsa da Allah, amma in rufa wa Inna asiri, in rufa wa aurenmu.

Na ce, "In na ce rafi, rafi za su je su haska. Ita kuma ta sha magani ta dawo ta zauna a tsakar gidan can ta ci tuwo. Ka leƙa ka ga abin da Inna take yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sharaɗi guda na ba ka, Muttaka. Kana wanka kana sa shadda kana riƙe takalmi a hannu, kayanka suna kwance bayan ɗakin da take barci."

Ya ce, "Na ɗauka kulle ya isa."

Na gyara goyona na wuce. Har na yi nisa ina jin baburin a bayana, yana tafe a hankali, bai matso ba, bai kuma juya ba. A haka muka ratsa kasuwa, mutane suna kallo.

A asibiti Habsu na tarar, ma'aikaciyar da ta san Khairat tun tana rarrafe. Tana ganinmu ta ce ai mun gama da ku, me ya dawo da Malamar Tsafta? Da ta ga fuskata ta bar wasan. Ta wanke hannun yarinyar ta ɗebi jinin, sannan ta yi tambayar da kowa a gida yake tsoro, ko akwai dutse a gidan. Na ce akwai har asubar yau. Na faɗi ɗakin, na faɗi tun yaushe, na faɗi sharar da aka yi da safe. Ta tambayi na wane ne. Na faɗi sunansa, yana tsaye a waje a ƙarƙashin bishiya ina hango shi ta taga.

Sakamakon ya fito, gubar ta hau, ta ma wuce inda take lokacin da aka fara mata magani. Suka ce za a sake daga farko, kuma kada ta koma gidan sai an gwada an kankare. 'Yan tsanar da sojojin ma, ma'aikatan suka ce ba za su wanku ba. Wannan ne ya sa ta kuka, ba allurar ba. Tana ta cewa saura kaɗan su tashi.

Yanzu haka daga Anka nake rubuto muku, a gidan Gwaggo Iyatu, ƙanwar Baba. Da kayan jikinmu muka zo. Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba, ta shimfiɗa mana katifa, ta aika aka sayo zuma. Na koma fasa ƙwaya a cokali, amma yanzu ba na taɓawa a harshena a gabanta. Fim ɗin ban goge ba, ba shi ya kawo buhu gidanmu ba. Na dai zauna mun kalla tare, na gaya mata duk abin da ke ƙyalli a ƙasa ta kira ni kafin ta taɓa.

Inna ba ta ɗaukar wayata. Yaya Lauwali ya aiko a gaya mini ma'aikata sun zo sun haska har rumbu, mai gari ya kira shi, kuma wai na ji daɗi tunda abin da nake so ke nan. Ban ji daɗi ba. Ina kwana da tunanin tarin Inna, na kuma roƙi Habsu ta lallashe ta ita ma a duba ta.

Muttaka saƙo ɗaya ya turo: "An rufe mini inji. Ban ce komai ba, na cancanta. Na nemi su bar ni in shiga cikin masu kankare gidan da hannuna. Ban ce ki yafe ba. Kada dai ki ce in daina jira."

Na karanta shi har na gaji da karantawa. Ina son mutumin nan, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma ban san ranar da zan daina ba. Na rubuta masa cewa ranar auren da aka sa ta tashi. Na ce ba ni da wata amsa sai jinin Khairat ya sauka, ko wata nawa zai ɗauka, kuma ko ya sauka ban yi masa alkawarin wace iri ce ba. Ya karanta. Ɗazu kuma Gwaggo ta shigo ta ce akwai wani a ƙofar gida, jiƙe da ruwan wanka, yana tambaya ko an yarda ya tsaya daga nesa.

Na san Muttaka ne, amma ban fita ba tukuna. Na ce sai na gama da ku.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa, don na saba. Za a ce in yi haƙuri, miji irin wannan wuyar samu gare shi, bazawara mai ɗiya ba ta zaɓe. Za a ce na tona wa mahaifiyata asiri. Duk wadda ta rubuta mini haka, ta zo Anka ta riƙe mini hannuwan yarinyar nan lokacin ɗura, sannan mu yi maganar haƙuri.

Ke kuma da kike karanta wannan da ɗanki yana wasa a tsakar gida, in akwai ɗakin da aka kulle aka ce babu ruwanki da shi, kada ki tsaya duba wanda ya kulle, ko uwarki ce, ko wanda kike so. Aje wayar nan ki je ki buɗe. In an hana ki makulli, akwai taɓarya a gidan.